Zobe na Bakwai

Litinin, 5 ga Satumba 1988, bayan shayi

Yau mun yi baƙo mai ƙatuwar jakar fata. Sunansa Herr Dallmann, malamin makaranta ne daga Kassel. Ni na buɗe masa ƙofa, na gudu kicin ban ko amsa gaisuwarsa ba. Daga can na ji yana gaya wa Opa, kakana, abin da ya kawo shi. Wai a lokacin hutunsa yana bin diddigin jiragen saman da matuƙan Jamus suka ce sun kakkaɓo a yaƙin duniya na biyu. Duk jirgin da aka ce an harbo, sai ya bincika wajen mutanen Ingila ko Amurka ya ga ko da gaske sun rasa jirgi a ranar, a wurin. Ya ce wasu matuƙan sun yi ƙari, wasu kuma idonsu ne ya yaudare su.

Opa ya ce, "To ni guda tara ne kacal, ba ni cikin manya. Ka yi asarar man motarka."

Ana haka Tante Hilka, wato Gwaggo Hilka, ta ƙetaro gadar katako da ke tsakanin gidanmu da nata kamar kullum. Ba 'yar'uwarmu ba ce ta jini, maƙwabciya ce, amma tun kafin a haife ni a gidanmu take shan shayin yamma. Tun da Mama ta sami aikin asibiti a Bremen, ita ke tufke min gashi, ita ke duba ko na ci abinci. Na kawo kofi huɗu.

Mutumin nan bai san komai ba game da shayi. Ya juya shi da cokali har kirim ɗin ya gauraye, alhali a nan ba a juyawa, Tante Hilka ta rufe ido kamar an taka mata ƙafa. Ya sha uku, na zuba na huɗu, ya sha, na zuba na biyar, gumi ya fara keto masa. Sai Tante ta ce, "Bawan Allah, in ka ƙoshi ka sa cokalinka cikin kofin. In ba haka ba yarinyar nan za ta yi ta zuba maka har ka nutse." Har Opa sai da ya yi dariya.

Daga nan ya tambayi ko Opa yana da sandar nan da ake yi wa matuƙa, mai zoben azurfa ɗaya a kan kowane jirgi. Opa ya ce ta ɓace tuni. Ba ta ɓace ba, tana bayan kabad ɗin Oma, kakata marigayiya. Ban san abin da ya hau kaina ba. Mutumin ya yi min murmushi, ya ce shayina ya fi na matarsa, sai na tsinci kaina na je na ɗauko ta.

Tante ta karɓe ta, ta ɗora yatsa a kan zobe na bakwai. "Wannan namu ne," in ji ta. Ta sake ba da labarin da na haddace. Tana shekara sha uku kamar ni, tana kwashe shanya da yamma, sai ga jirgin Ingila ƙasa-ƙasa ya nufo ƙauyen, ga ƙaramin jirgi a bayansa. Wuta ta tashi, jirgin ya faɗa fadama, laka ta haɗiye shi kafin gari ya waye. "Na yi ta tafi har tafina ya yi ja!" A lokacin ba a ƙirga wa matuƙi jirgi sai da shaida, to babanta ne ya sa hannu ya ce ya gani da idonsa. Da Opa ya zo ganin wurin, mamarta ta ba shi cinyar alade sukutum. A zuwan nan ya haɗu da Oma.

"Kuma a ranar ce teku ya cinye yayana Eilert da jirgin saman da yake tuƙawa," in ji ta. "Sai bayan sati muka ji. Kullum nakan ce Reinhold ya rama mana tun kafin mu san an taɓa mu."

Reinhold shi ne Opa. Ba ya son a yi maganar.

Laraba, da safe kafin makaranta

Opa ya mayar da sandar da kansa. Ya ce, "Ɓerana, wata takwas ba ki yi wa baƙo magana ba, ranar da kika tashi kuma sai kika tone ni." Wasa yake yi, amma bai ja min kunne ba kamar yadda ya saba.

Asabar, da la'asar

Herr Dallmann ya dawo da wata na'ura mai kama da faranti a bakin sanda, tana ƙara in ta ji ƙarfe a ƙasa. Gwiwar Opa ba ta shiga fadama, ni aka tura in nuna masa wurin. Kowane yaro a ƙauyen nan ya san Ramin Bature, inda aka ce jirgin ɗan Ingilan ya faɗa. Nan muke tsoratar da juna.

A hanya shi kaɗai ke magana. Ya ce zobba takwas duk ya samo masu su, da sunayen mutanen da ke ciki. Na bakwai ne ya gagare shi. Wai a ranar duk jiragen Ingila da suka zo ta wannan gefen sun koma gida lafiya. Na so in tambaye shi ko yana nufin Opa ƙarya ya yi, bakina ya ƙi buɗewa. Kamar ya ji ni, ya ce, "Kakanki bai yi ƙarya ba. Akwai jirgi a nan, rabin ƙauye sun gani. Na wane ne, shi nake nema."

Na'urar ta yi ta kuka a gefen ramin. Ya haƙa da ƙaramin shebur, ya fito da gutsattsarin ƙarfe. Ɗaya ɗan faifai ne kamar tafin hannuna. Ya ba ni in wanke masa a ruwan rami. Da na goge lakar sai na ga rubutu, na karanta a fili, har ina jin daɗin na iya: kada a taka nan.

Sai da na karanta na gane cewa bai kamata in iya karantawa ba. Ban fi sati uku da fara koyon Turancin Ingila da gaske ba. Wannan da harshenmu aka rubuta shi.

Ya karɓa ya sa a aljihu, bai dube ni ba.

Da muka fito ya ce in raka shi farfajiyar coci, wurin dutsen da aka rubuta sunayen waɗanda ba su dawo ba. Ya tsaya a kan sunan Eilert ya daɗe. Ya ce, "Wani jirgi aka ba shi ya kai wani sansani a bakin teku, shi kaɗai. Amma hanyarsa ba ta nan ba ce. Ba abin da zai kawo shi nan."

Ni da ba na magana. Ni da malama ke cewa ko kurma ce. Sai na ji bakina yana cewa, "Ya yi wa Tante alkawari wata rana zai bi ta kan gidansu ya karkaɗa mata fikafikai. Har yau tana ce masa maƙaryaci."

Fuskarsa ce ba zan manta ba.

Lahadi, da rana

Ban je coci ba. Na ce cikina ke ciwo.

Talata, bayan shayi

Tante ta tufke min gashi yau. Ta ce, "Ke wuyanki ya sandare kamar na kazar da aka manta a firiji. Wani ya taɓa ki a makaranta?" Na girgiza kai. "Ko wani yaro ne? In ɗan gidan Janssen ne gaya min, na san uwarsa tun tana fitsarin kwance." Na girgiza kai. Ta ɗaure ƙarshen da jan zare, ta sumbaci tsakiyar kaina.

Hannunta warin sabulu da albasa yake yi. Na yi ta shaƙa kamar zan ajiye.

Ta sha kofi uku, ta sa cokali a ciki, ta ce sai gobe. Na tsaya a taga har ta gama ƙetare gadar. Ban taɓa tsayawa kallonta ba sai yau.

Alhamis, da dawowa daga makaranta

Wayar gidan ta yi ƙara Opa yana lambu. Herr Dallmann ne. Na so in ajiye, sai na ji na ce, "Don Allah kada ka dawo."

 Ya ce, "Tomke, ke ce?"

Na ce, "Ka bar na bakwai ɗin. Ka rubuta ba ka samu ba. Takwas ba su ishe ka ba?"

Ya ce da zobe ne kawai da ya bari. "Amma akwai mutum kwance a lakar nan, kuma akwai wadda ke zaton yana cikin teku. Dole in sanar da hukuma. Ba ni da ikon rufe shi."

Na ce, "Za ta daina zuwa."

Ya ce, "Wa?"

Ban iya faɗin sunanta ba. Na ajiye wayar. Da Opa ya shigo ya tambaya, na ce kuskuren lamba ne.

Da ban ɗauko sandar ba. Da ban karanta ba. Da ban buɗe baki a farfajiyar coci ba.

Juma'a, da yamma

Na ɗauki wuƙar yanka burodi na shiga ɗakin Oma. Na yi tunanin in babu zoben, ba abin da zai nuna. Na san wauta ce. Zoben ya ƙi motsi, wuƙar ta zame ta yanke ni a babban yatsa. Haka Opa ya same ni, a zaune a ƙasa jini na ɗiga a siket ɗina.

Bai yi faɗa ba. Ya ɗaure min yatsan da hankicinsa, ya zauna a bakin gado da ƙyar. Ya ce, "In azurfa kike so ki tambaya, ɓerana. Me ya sa wannan?"

Na ce, "Opa, ka ga jirgin sosai?"

Ya daɗe yana kallon sandar. Ya ce rana tana faɗuwa, tana cikin idonsa, man jirginsa ya kusa ƙarewa. An gaya musu ta rediyo akwai ɗan Ingila da ya shigo ta wajen, kuma babu namu ko ɗaya a sama. Sai ya hango shi ƙasa-ƙasa, mai injin biyu, baƙi ƙirin saboda hasken. "Shekarata ashirin da ɗaya. Ina tsoro kamar yadda kike tsoron malamar lissafi. Bai ma san ina bayansa ba. Yana isa kan gidaje sai ya fara karkaɗa fikafikai, dama, hagu, dama, hagu. Na ce ya gan ni ne zai kauce, sai na danna kunamar bindiga." Ya shafa gemunsa. "Har yau ina mamakin wannan karkaɗawar. Mai gudu ba haka yake yi ba."

Bai sani ba. Wallahi bai sani ba. Da na ɗauka ko ya sani yana ɓoyewa, kuma ban san wanne ya fi muni ba.

Na tambaye shi sauran takwas ɗin fa, su ma suna da ƙanne? Ya ce, "Shi ya sa take bayan kabad."

Lahadi, da la'asar

Herr Dallmann ya zo bayan Tante ta tafi. Bai karɓi shayi ba. Suka rufe ƙofar falo. Na zauna a matakala na toshe kunnuwana, amma ba wani abin ji, don ba wanda ya ɗaga murya. Da ya fito ya tsaya kamar zai yi min magana, na juya wa bango fuska.

Opa yana nan a kujerarsa, ɗan faifan ƙarfen yana kan gwiwarsa. Ya ce, "Kin sani."

Na ɗaga kai.

"Tun yaushe?"

"Tun waccan Asabar."

"Ke kaɗai kika ɗauki wannan kayan?" Ya miƙo hannu ya ja min kunne a hankali. Hannunsa sanyi ƙalau. Ya ce za a kawo motar haƙa ranar Asabar ta sama. Ya roƙi Herr Dallmann kada kowa ya gaya wa Tante, shi zai gaya mata da bakinsa.

Litinin, bayan shayi

Bai gaya mata ba.

Talata, bayan shayi

Ya ce, "Hilka." Ta ce, "Na'am?" Ya ce, "Miƙo min sukari." Dunƙulen sukarin yana gabansa.

Laraba, bayan shayi

Duk ƙauye ya ji za a tono Ramin Bature. Tante ta ce za ta gasa wa ma'aikatan kek ɗin tufa. "A mayar da yaron nan wurin danginsa, shi ma ɗan wata ne. Ni da na san inda nawa yake ai da da rarrafe na je." Opa ya tashi ya ce zai duba kaji. Ba mu da kaji tun bara.

Ta bi shi da ido. Ta ce, "Tsohon nan ya fara rikicewa. Ki riƙa lura da shi."

Alhamis, da safe

Na yi mafarki ina zuba shayi a kofi huɗu, ba kowa a kujerun.

Mama ta kira. Na ce lafiya ƙalau muke.

Juma'a, gab da faɗuwar rana

Opa ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci, ya taje kai, ya fita. Na leƙa ta taga. Ya hau gadar, ya kai tsakiya, ya tsaya riƙe da ƙarfen gefe. Fitilar kicin ɗin Tante a kunne take, ana hango ta tana fere tufa. Ya daɗe a nan har na ji tsoron ko ruwan yake kallo. Na fita da gudu ba takalmi, na kama hannun kwat ɗin.

Ya ce, "Shekara arba'in da biyar tana gaya wa mutane na rama mata. Ta ina zan fara, ɓerana?"

 Na jawo shi gida. Ya biyo ni kamar ƙaramin yaro.

Asabar, da yamma

Zan rubuta duka.

Da sassafe motar haƙa ta wuce a kan manyan katakai. Mutane suka bi ta da kujeru da shayi a gora, kamar ranar kasuwar shekara. Opa bai fito daga ɗaki ba. Na ƙwanƙwasa, ya ce in tafi.

Na ga Tante ta fito da tiren kek a lulluɓe da farin ƙyalle. Na san in ta isa can, a gaban kowa za ta gani, a gaban matar Janssen da duk masu baki. Ban san lokacin da na tare ta a kan gada ba.

"Matsa mana, kek ɗin zai huce."

Na ce, "Kada ki je."

"Ikon Allah. Yau kuma ke ce mai ba da umarni?"

Na ce, "Tante, Eilert ba maƙaryaci ba ne."

Ta yi dariya. "Me ya kawo Eilert cikin..."

"Ya zo. Ya bi ta kan gidanku. Ya karkaɗa miki fikafikan. Kina wurin shanya."

Dariyar ba ta bar fuskarta nan da nan ba, a hankali ta riƙa tafiya. Ta dubi gidanmu, ta dubi tagar Opa da labulenta ke rufe. Ta ce, "Wa ya gaya miki wannan maganar banza?" Na ce rubutun jikin ƙarfen da harshenmu ne, kuma Ingila ba su rasa jirgi ba a ranar. Ban taɓa jera magana mai tsawon haka ba a rayuwata.

Ta miƙo min tiren. Na karɓa. Ta raɓa ta gefena ta wuce, ba ta taɓa ni ba.

Na bi ta daga nesa, da tiren a hannu, don ban san inda zan ajiye shi ba. Wajen azahar suka ɗago wani ɓangare na fiffike, laka na zuba daga jikinsa. Wani ya watsa masa ruwa da bokiti. Baƙar alamar jiragenmu ta fito fes kamar jiya aka shafa ta. Surutu ya mutu. Wani yaro ya ce, "Baba, ai wannan namu ne," aka toshe masa baki.

Daga nan 'yan sanda suka kafa tanti a kan ramin, suka ce kowa ya ja baya. Herr Dallmann ya je wurin Tante, ya cire hularsa. Ban ji abin da ya ce ba. Ta shiga tantin ita da fasto. An ce lakar fadama ba ta cin mutum, ajiye shi take yi.

Da ta fito ba ta yi kuka ba. Tafukan hannunta take ta gogawa a jikin siket, tana gogawa, tana gogawa.

Kek ɗin yana kan teburinmu. Ba wanda ya taɓa.

Lahadi, ƙarfe uku

Ba ta zo ba.

Litinin, ƙarfe uku

Ba ta zo ba. Na fito da kofi uku da kuskure, na mayar da ɗaya kafin Opa ya gani. Ya gani.

Laraba, da dawowa daga makaranta

Ba wanda ya zauna kusa da ni a motar makaranta. Ɗan gidan Janssen ya buɗe hannuwa kamar jirgi, yana karkaɗawa, yana cewa "ta-ta-ta-ta". Wasu suka yi dariya, wasu suka ce ya bari. A shagon burodi mata suka yi shiru da na shiga. Matar shagon ta ƙara min ɗan biredi mai zaƙi, ban san ko tausayi ne ko kora ba.

Opa ba ya cin abinci sai na tsaya a kansa. Ni nake tufke gashina, duk ya karkace.

Labulen Tante a rufe yake. Hayaƙi dai yana fita daga bututun gidanta, ina dubawa kullum.

Juma'a, da yamma

An binne Eilert yau kusa da iyayensa. Opa ya ce ba shi da fuskar zuwa. Ni na je, na tsaya can baya wurin shinge. Herr Dallmann ya zo da furanni. Ya gaya min zai cire na bakwai daga lissafin Opa, ya koma takwas. Kamar wannan ne damuwarmu.

Tante ta hango ni, na tabbata. Ta kau da kai.

Mama ta ce in abin ya ƙi daidaituwa za ta ɗauke ni in koma Bremen. To Opa fa, wa zai tsaya a kansa?

Asabar, da rana

Na wanke tiren, na ajiye mata a bakin ƙofa. Ban ƙwanƙwasa ba.

Litinin, a kicin, ruwa yana kan wuta

Ta zo.

Ƙarfe uku na ji takunta a kan gadar. Na ɗauka kunnena ne. Ta shigo ba sallama, da baƙaƙen kaya, ta zauna a kujerarta. Opa ya yunƙura zai tashi, ta ce, "Zauna, Reinhold. Gwiwarka ba ta da laifi." Ta dube ni. "Wa ya yi miki wannan aika-aikar a ka? Kamar sheƙar hankaka. Kawo shayi."

Na sa dunƙulen sukari, na zuba shayi mai zafi a kai, na ji dunƙulen ya tsage, na ɗiga kirim. Kofi na farko ta shanye. Na biyu ma haka. 

Ya ce, "Hilka, ni..."

"Yi min shiru. Ka samu sati guda ka yi magana, ka bar wa yarinya." Ta ajiye kofin. "Na kwana ina lissafin wanda zan tsana. Kai ka harba. Baba ya sa hannu. Mama ta ba ka cinyar alade, wadda ta ajiye don ranar da Eilert zai zo hutu. Ni kuma ya zo gaishe ni, na tafa masa yana ci da wuta."  "Duk sun mutu sun huta. Saura ni da kai. In na daina ganinka, ni kaɗai zan zauna da abin."

Opa ya rufe fuska da hannu biyu. Ban taɓa jin irin wannan sautin daga bakinsa ba.

"Ban ce na yafe ba," in ji ta. "Kada ka ji daɗi. Ban san ko zan iya ba." Ta turo min kofin. "Zuba."

Na zuba na uku. Ta sha a hankali, tana kallon taga. Ni cokalinta kawai nake kallo, yana kwance a gefen faranti. Na san in ta ɗauka ta sa a ciki za ta miƙe, kuma ban san ko za ta ce sai gobe ba.

Ta shanye. Ta ajiye kofin. Ba ta taɓa cokalin ba.

Na tsaya riƙe da buta kamar gunki. Tun da nake ban taɓa ganin ta wuce uku ba. Ta ce, "Ke, a gidan wa kika koyi tarbiyya? Kin ga cokali a ciki?"

Na zuba na huɗu. Na zuba na biyar. Butar ta ƙare, ta ce in ɗora wani ruwan, in zo da mataji kuma.

Ina jin su ta bango. Ba magana suke ba, amma ba wanda ya tashi. Na leƙa yanzu, cokalin yana nan a gefe.

Ruwa ya tafasa.